Manhajar albashi tana cire minti 30 na cin abinci da kanta: in bar ta ko in kashe?

Baban Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu hannu a harkar albashin Amurka. Daga nan Kaduna nake yi wa wani ƙaramin kamfani da ke Kalifoniya lissafin albashi ta intanet. Sito ne gare su, ana ɗaure kaya ana lodi, ma'aikata 34, kowa da awa ake biyansa. Wata uku ke nan da na karɓi aikin. Jiya ina leƙa saitin manhajar sai na ga wanda na gada ya kunna abu biyu. Duk wanda aikinsa ya haura awa 6, manhaja za ta cire masa minti 30 da kanta ta rubuta ya ci abinci, ko ya buga fita a agogon aiki ko bai buga ba. Sannan tana tattara mintuna zuwa goma-goma, 11:57 ta koma 12:00. Na yi wa mai kamfanin magana, ya ce haka ya tarar kuma babu wanda ya taɓa ƙorafi. Ni dai raina bai kwanta ba.

Ɗan Bompai: Wa alaikumus salam. Malam, mai kaya ya ce a bar kaza cikin gashinta, kai mene ne naka? Ka ci albashinka ka yi shiru.

Hajiya Mai Lissafi: Wa alaikumus salam Baban Hanif. Kar ka bi ta Ɗan Bompai, zolaya yake. Ka kashe duka biyun kafin albashi na gaba. Shekaruna ba kaɗan ba ina wannan aikin a Sakramento, babban birnin Kalifoniya, kuma a jihar nan babu abin da ke jefa ƙananan kamfanoni cikin shari'a kamar hutun cin abinci.

Sashe na 512 na dokar ƙwadagon jihar ya ce wanda zai yi aikin da ya wuce awa 5 dole a ba shi hutun aƙalla minti 30. Kotun ƙolin jihar, a shari'ar Brinker ta 2012, ta fayyace cewa hutun ya fara kafin awa ta biyar ta ƙare. Wato wanda ya shiga aiki 7:00 na safe, ya fita hutu kafin 12:00 ta gota. In ya fita 12:04 ya makara, ko da awa guda ya yi yana hutawa bayan nan. In aikin ya wuce awa 10 akwai hutu na biyu. Duk ranar da kamfani ya kasa ba shi, ko ya ba shi a makare, ko ya gutsure masa, zai biya shi kuɗin awa ɗaya a matsayin diyya, sashe na 226.7 ke nan.

To manhajarka ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ita dai ta ce kowa ya ci ya ƙoshi.

Baban Hanif: Hajiya na gode ƙwarai. Wato har awa 6 ɗin da aka sa ma kuskure ne?

Hajiya Mai Lissafi: Kuskure ne. Awa 6 na maganar yafewa ce, zan zo kanta. Wanda ya saita ya haɗa abu biyu ya dama.

Ummu Sadik: Wayyo, wannan cirewa ta kai tsaye ni ta ci. A Hiyuston nake, ina aikin kula da tsofaffi a wani gida. Dutin dare, mu biyu a kan bene guda. Ka buɗe kular abincinka ke nan ƙararrawar ɗaki ta yi ƙara, ka ajiye cokali ka ruga. Ka dawo shinkafa ta huce, ka yi loma biyu wani ya sake kira. Ƙarshen mako biyu ka duba takardar albashi ka ga an zabtare rabin awa a kowace rana. Akwai wani fom da aka ce mu riƙa cikewa in ba mu samu hutu ba, amma yana ofishin manaja, ofishin kuma a kulle yake da dare. Wa zai tsaya jiran manaja ƙarfe bakwai na safe bayan ya kwana a tsaye, ga yara na jiran a kai su makaranta?

Ƙaramin Akanta: Anti to ai ke ma sai ki nemi kuɗin awa ɗayan.

Ummu Sadik: Ina! Nan Teksas ce ƙanena. Ba mu da wannan gatan.

Hajiya Mai Lissafi: Gaskiyarta. Dokar tarayya ta 1938 ba ta tilasta wa kowa ya ba da hutun cin abinci ba, Teksas kuma ba ta yi tata ba. Amma Ummu Sadik, ba ki rasa komai ba. Ƙa'idar tarayya ta ce hutun da ba a biya sai an sauke wa mutum aiki gaba ɗaya. In kina cin abinci kina amsa ƙararrawa, lokacin aiki ne, kuɗinki ne. Gajeren hutu na minti 5 zuwa 20 shi ma biya ake yi. Ki riƙa rubuta ranakun a littafinki.

Ƙaramin Akanta: Ni maganar tattara mintuna ce ban gane laifinta ba. Yau ta ci ma'aikaci, gobe ta ci kamfani, a ƙarshe an yi canjaras. Haka aka koya mana.

Hajiya Mai Lissafi: Wannan hujjar ce daidai wani kamfani mai suna AMN ya kai kotu, ya sha ƙasa a 2021, shari'ar Donohue. Su ma goma-goma suke tattarawa. Ma'aikaciya ta fita 11:02 ta dawo 11:25, minti 23 ke nan. Manhaja ta mayar da shi 11:00 zuwa 11:30, ta ce lafiya lau. Kotu ta ce ba a tattara mintunan hutun cin abinci. Dalili kuwa a fili yake: wanda ya yi hutun minti 37 gobe bai goge minti 23 na yau ba. Kowace rana da hukuncinta. A lissafin awannin albashi ana iya maganar canjaras, a nan babu.

Abu na biyu da shari'ar ta kawo shi ya fi tsoratar da masu kamfani. In rajistar agogo ta nuna hutu ya gajarta, ko ya makara, ko babu shi, kotu za ta ɗauka kamfani ne ya hana, sai ya kawo hujjar cewa ya bayar ma'aikaci ne ya ƙi. Baban Hanif, kai da ba ka ma da rajistar fita da dawowa, da me mai gidanka zai kare kansa? Da minti 30 ɗin da kwamfuta ta ƙirƙira?

Malam Na Landan: Ikon Allah. Mu nan minti 20 ne in aiki ya wuce awa 6, dokar 1998, kuma ba dole a biya ba. Ban taɓa jin an yi ta ƙirga mintuna haka ba.

Ɗan Bompai: Ku kuna ta minti 20 minti 30. Mu a Najeriya doka awa guda cur ta ba mu. Sashe na 13 na dokar ƙwadago, in ka yi awa 6 ko fiye, hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Mun fi ku a takarda. A masana'anta kuwa, in injin bai tsaya ba kai ma ba ka tsaya ba, sai dai ka tura yaro ya sayo maka ɗanwake ka ci a tsaye.

Admin: Ɗan Bompai a dawo kan tambaya don Allah, bawan Allah yana da albashin da zai rufe.

Baban Hanif: Na shiga saitin yanzu. Na kashe cirewar, na kashe tattarawar. Ga inda na tsaya: akwai wurin da ake zaɓa, ko manhaja ta biya diyyar awa ɗaya da kanta duk lokacin da ta ga matsala, ko ta tambayi ma'aikaci dalili. Wanne zan danna?

Alhajin Oklan: Bari in sa baki tunda ni mai biya ne, ina da wurin wankin mota da yara kusan 20. Kar ka kuskura ka sa ta biya da kanta. Wallahi na gwada. Cikin wata guda yaran suka gano. Mutum zai dawo a minti 29 ya buga shiga, ya samu kuɗin awa ɗaya a banza. Wani ma da gangan zai ƙi fita sai 12:02. Ai ita kanta Brinker ɗin da Hajiya ta ambata ta ce aikin kamfani ya ba da hutu, ba ya zama ɗan sanda yana bin mutum yana cewa sai ka huta ba.

Hajiya Mai Lissafi: Alhaji ranka ya daɗe, haka Brinker ta ce, ban musa ba. In ka sauke wa mutum aiki, ka sake shi ya tafi inda ya ga dama, ya zaɓi ya dawo da wuri don kansa, babu diyya. Za ka dai biya shi mintunan da ya yi aiki. Shi ya sa tambaya ta fi. Agogo ya nuna masa zaɓi a take: an ba ni hutu cikakke ni na zaɓi dawowa, ko kuwa aiki ne ya hana ni. Ya danna na biyu, diyya ta shiga albashinsa ba sai ya roƙi kowa ba. Ya danna na farko, kana da shaida.

Sai dai Alhaji, tambaya ɗaya tsakani da Allah. Yaran nan da ke dawowa a minti 29, layin motoci nawa ne a ƙofa a lokacin? Kuma wa ke tsaye yana kallon agogo yana kallonsu?

Alhajin Oklan: Hajiya kin fara. Ranar Asabar dai akwai cunkoso, ba zan ɓoye ba.

Ummu Sadik: Ai ka ji. Mu da muke ƙasa mun san yadda ake yi. Ba wanda zai ce maka kar ka huta. Kallo ɗaya za a yi maka. Kuma wannan zaɓin da Hajiya ke yabo, in manaja na tsaye a bayanka kana dannawa, wanne za ka danna? Wanda ya zo ƙasar bara, takardunsa ba su daɗe da fitowa ba, ana jiransa da kuɗin cefane a gida, wallahi "ni na zaɓa" zai danna ko da yunwa za ta kashe shi.

Hajiya Mai Lissafi: Ba ki yi ƙarya ba. Shi ya sa ba na yarda da dannawar ita kaɗai. Duk wata ina fitar da rahoto in duba. In mutum ɗaya ne ke cewa "ni na zaɓa" jefi-jefi, ba komai. In duk sashen lodi ne suka "zaɓa" kowace Litinin da motocin kaya ke zuwa, wannan ba zaɓi ba ne, ƙarancin hannu ne. Sai in biya su diyyar duk da abin da suka danna, in gaya wa mai wuri ya ƙara mutum ko ya karkasa lokacin fita. Lauyan ma'aikata in ya zo, wannan rahoton shi ma zai fara fitarwa.

Ƙaramin Akanta: Akwai wata dabara da na gani, manhaja ta kulle agogo, ba za ka iya buga shiga ba sai minti 30 sun cika. Ai ta kashe maganar minti 29 ɗin Alhaji.

Alhajin Oklan: Ita nake amfani da ita yanzu.

Hajiya Mai Lissafi: Tana da kyau in har mutum zai zauna ya jira. In agogo ya ƙi karɓarsa ya wuce ya ɗauki tiyo ya ci gaba da wanki, ka fita daga rami ka faɗa rijiya: yana aiki ba a rubuta ba, ba a biya ba. Ka kulle, amma ka bar ƙofar da zai iya cewa an kira ni aiki, agogo ya karɓe shi ya rubuta dalili.

Baban Hanif: Na zaɓi tambaya. Yanzu kuɗin diyyar. Na ga an sa kuɗin awa na asali, misali dala 20. Daidai ne?

Hajiya Mai Lissafi: Suna da wani ƙari? Na zuwa aiki a kan lokaci, na dutin dare, na cika adadin kaya?

Baban Hanif: Akwai dala 80 a mako ga wanda bai yi fashi ba. 'Yan dare kuma ana ƙara musu a kan kowace awa.

Hajiya Mai Lissafi: To ba 20 ba ce. Shari'ar Ferra, ita ma 2021, wata mai aiki a otal ɗin Loews na Holiwud ce ta kai. Kotu ta ce diyyar da cikakken kuɗin awa ake lissafa ta, irin wanda ake ɗora kuɗin ƙarin lokaci a kansa, har da duk ƙarin da aka yi wa ma'aikaci alkawari. Wanda ya yi awa 40 ya samu 80 ɗin nan, ka raba, dala 2 a kowace awa, diyyarsa 22 ce. Kyautar da mai gida ya ga dama ya yi ba tare da alkawari ba, ita ba ta shiga. Ka duba kowane nau'in ƙari a manhajar, akwai ɗan akwatin da ake yi wa alama cewa yana shiga lissafin. Da yawa a nan suke faɗuwa, sun biya amma sun biya da giɓi.

Kuma ka buɗe mata layinta daban a takardar albashi, kar ka cusa ta cikin awannin aiki, don ba awar aiki ba ce, ba ta ƙara lissafin ƙarin lokaci. Tun shari'ar Naranjo ta 2022 ana ɗaukar ta a matsayin albashi. Dole ta fito a takarda, kuma wanda ya bar aiki a haɗa masa ita a biyan ƙarshe. In aka riƙe da gangan, tarar jinkiri tana iya kaiwa albashin kwana 30.

Ɗan Bompai: Duk a kan loma.

Malam Na Landan: Hajiya kin ce za ki dawo kan yafewa.

Hajiya Mai Lissafi: Yauwa. In duk aikin ranar bai wuce awa 6 ba, ma'aikaci da kamfani suna iya yarda a yafe hutun. Ka sa a rubuce, ka ɗora takardar a fayil ɗinsa, ka yi masa alama a manhaja. Amma ka saita ta yadda in ya kai awa 6 da minti 1 yafewar ta faɗi. Hutu na biyu ana yafe shi in aikin bai wuce awa 12 ba, kuma da sharaɗin ba a yafe na farko ba. Mai awa 8 ba shi da yafewa, ko ya roƙa.

Baban Hanif: Wannan ta kawo ni kan abin da na so in tambaya tun farko. Akwai musulmi shida a siton, 'yan Afganistan da 'yan Somaliya da wani ɗan Senegal. Mai kamfanin ya ce da azumi sukan ce ba sa buƙatar hutu tunda ba ci za su yi ba, gara su zarce su tashi da wuri. Ranar Juma'a kuma suna riƙe hutunsu sai wajen ƙarfe ɗaya don su je masallaci. Bakwai suke shiga.

Alhajin Oklan: Nawa ma haka suke yi. Ni ban ga laifi ba, taimakon addini ne.

Hajiya Mai Lissafi: Niyya mai kyau ce Alhaji, amma rajista ba ta rubuta niyya. Abin da za ta nuna shi ne wata guda cur mutum shida babu hutu. Sunan ne kawai na abinci, ainihinsa hutu ne daga aiki. Mai azumi da ke ɗaga kwali tun safe shi ya fi kowa buƙatar ya kishingiɗa a mota rabin awa. A sa shi a jadawali kamar kowa, a sake shi. In duk da haka ya zaɓi ya zarce, ya danna da hannunsa a ranar, a biya shi lokacin. Abin da ba na so shi ne manaja ya ce "ku masu azumi ku riƙe wuri bari sauran su je su ci". Daga nan ya zama aiki ne ya hana.

Juma'a kuwa mafita biyu na sani. Ko su yi hutunsu 11:30 sannan a ba su izinin fita na daban don salla, ko ranar su shiga 9:00, ka ga iyakarsu ta koma 2:00, salla ta faɗo ciki. Dokar tarayya ta 1964 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya yi wa ma'aikaci sassauci don addininsa matuƙar ba zai jawo masa wahala mai nauyi ba, don haka ba alfarma suke roƙo ba. Ga kuma hutun minti 10 da ake biya a kowace awa 4, da yawa da shi suke Azahar da La'asar.

Ummu Sadik: Minti 10 da alwala da komai? Sai dai mutum ya riƙe alwalarsa tun daga gida.

Baban Hanif: Shi wannan na minti 10 shi ma sai an buga?

Hajiya Mai Lissafi: A'a, ba a buga shi. Amma in an hana shi yana da tasa diyyar ta awa ɗaya. A rana guda iyaka biyu ke nan, ɗaya ta abinci ɗaya ta gajeren hutu, ko sau nawa aka saɓa. Ka sa tambayarsa a lokacin tashi.

Alhajin Oklan: To na baya fa? Shi ne abin da mai kamfaninka zai fara tambaya. Ni shawarata a gyara daga yau a yi gaba.

Hajiya Mai Lissafi: Wannan ba hurumin Baban Hanif ba ne, ba nawa ba ne, na lauya ne. Ana iya bin diyyar har shekara 3 baya, ta wata hanyar ma 4. Ka ƙaddara mutum 10 ne kawai, sau 2 a mako, mako 50, shekara 3, a dala 20: dala 60,000 kafin a zo kan tara da kuɗin lauya. Kai dai ka rubuta masa abin da ka gani da ranar da ka gani, ka ajiye kwafi. Kuma ko da wasa kar ka koma baya ka gyara tsofaffin lokuta don su yi kyau. Manhaja tana rubuta sunan duk wanda ya taɓa.

Baban Hanif: Jama'a na dawo, yau kwana tara. Albashin farko da sabon saiti ya fita. Manhaja ta ɗaga tuta sau 41. A 26 sun ce su suka zaɓa, 15 an biya. Goma sha ɗaya daga cikin 15 ɗin 'yan dare ne, kuma duk tsakanin 2:00 da 3:00, lokacin da babbar mota ke isowa. Mai kamfanin ya kira ni ransa a ɓace, ya ce da can babu wannan kashe kuɗin. Na tura masa jerin sunayen da lokutan, ya yi shiru, daga baya ya ce zai ga lauya ranar Talata. Na sa wayar shugaban sashe ta riƙa ƙara in mutum ya kai awa 4 da rabi bai fita ba.

Wani shirme kuma nawa ne: rahoton farko da na fitar da agogon Najeriya ya fito, na ga mutane suna cin abincin rana ƙarfe takwas na dare, na kusa tayar da hankalin kowa.

Hajiya Mai Lissafi: Ka mayar da shi agogon wurin aiki, ba na kwamfutarka ba. Kuma ka sa ido ranar da za su mayar da agogo baya da awa guda a Nuwamba, tazararku za ta tashi daga awa 8 ta koma 9, 'yan daren ranar kuma awa guda za ta ƙaru musu. Su 26 ɗin nan, wane sashe ne?

Baban Hanif: Ban rarraba ba tukuna. Bari NEPA ta kawo wuta in duba.